Labarin Yohanna Komeniyus, Maraya Wanda Ya Zama Malamin Malamai

Ya kai mai karatu, ko ka taɓa zama a gaban malami, yana faɗin magana kana maimaitawa, bakinka yana motsi amma zuciyarka ba ta san abin da ake nufi ba? Ko kuwa kai ne malamin, ka yi ta faɗa wa yaro abu ɗaya har rana ta take tsaka bai kama ba, ranka ya ɓaci, hannunka ya kai ga tsumagiya? In haka ne, labarin nan naka ne. Labari ne na wani bawan Allah na ƙasar Turai wanda ya sha wuyar muguwar koyarwa yana yaro, sa'an nan ya ba da dukan kwanakinsa ga neman hanyar da za a koya wa yara ba tare da an karya musu zuciya ba. Ya rasu tun shekara ta 1670, amma abubuwa da yawa da muke gani a makaranta kamar dā can haka suke, irin su littafi mai hotuna, da raba yara aji aji bisa ga shekarunsu, da hannunsa a ciki.

Ƙuruciyarsa

An haifi Yohanna Amos Komeniyus ran 28 ga watan Maris, 1592, a ƙasar Morabiya, wadda take cikin Jamhuriyar Cek ta yanzu. Iyayensa na cikin wata ƙaramar ikkilisiya ce da ake kira Haɗin Kan 'Yan'uwa, wadda ta tsiro daga koyarwar Yohanna Hus, mutumin da aka ƙone da wuta a shekara ta 1415 saboda abin da ya gaskata. Mutanen nan sun shahara da sauƙin hali da son karatu, har sun juya Littafi Mai Tsarki da harshensu na Cek domin talaka ya ji da kunnensa.

Yana da shekara wajen 12 ubansa da uwarsa suka rasu, ya koma hannun dangi. Maraicin nan ya sa karatunsa ya yi baya ƙwarai, bai shiga makarantar Latin ba sai a 1608, a garin Prerov, yana ɗan shekara 16, sa'ad da tsararrakinsa suka riga suka yi masa nisa. A zamanin nan Latin shi ne harshen ilimi a Turai duka, wanda bai iya shi ba kuwa ba shi da ƙofar shiga littattafai. Amma ga yadda ake koyar da shi: sai a ba yaro ka'idodin nahawu a rubuce da Latin ɗin nan da bai sani ba tukuna, a ce ya haddace. In ya manta a doke shi. Yaro ya kan yi shekaru masu yawa a haka, ya fita da kai cike da kalmomi, in ka nuna masa abin da kalmar take nufi kuwa ba zai gane shi ba.

Duba yadda Allah ya kan juya hasara ta zama riba. Da ya shiga makarantar nan yana ƙarami, watakila da ya sha dukan ya yi shiru kamar sauran. Amma da yake ya shigo da wayonsa, sai ya ga aibin hanyar tun yana kan benci, ya ji tausayin kansa da na abokansa. Daga baya ya kwatanta makarantun zamaninsa da mayanka, inda ake yanka hankalin yara.

Ya ci gaba da karatu a ƙasar Jamus, a Herborn da Heidelberg. A 1614 ya komo gida da ƙafa, gama ba shi da kuɗin hawa, ya zama malami a makarantar da ya yi karatu. An naɗa shi mai hidimar ikkilisiya a 1616, a 1618 kuma aka ba shi kiwon jama'ar garin Fulnek tare da makarantarsu. Ya yi aure, ya zauna cikin rufin asiri.

Wuta ta fari

A shekarar nan ta 1618 aka fara yaƙin da ake kira Yaƙin Shekara Talatin, wanda ya cinye tsakiyar Turai har 1648. Abin kunya ne a faɗa, amma gaskiya ce, masu kiran sunan Almasihu ne suke kashe juna, Katolika da Furotesta, sarakuna kuma suna neman mulki a ƙarƙashin inuwar addini. A 1620 aka ci mutanen ƙasarsa a wani wuri kusa da birnin Firag da ake kira Farin Dutse. Sojoji suka shiga Fulnek a 1621, ya zama tilas Komeniyus ya ɓuya, gama masu hidimar ikkilisiyarsa ake nema. Yana cikin ɓuya annoba ta ɗauke matarsa da 'ya'yansa biyu a 1622. A shekara ta gaba aka tara littattafansa a dandalin garin aka sa musu wuta.

Ya yi shekaru yana yawo daga maɓoya zuwa maɓoya. A 1627 sarki ya ba da doka, kowa ya bi ikkilisiyar sarki ko ya bar ƙasar. Da shiga 1628, cikin tsananin sanyi, Komeniyus da jama'arsa suka ƙetare duwatsu suka shiga ƙasar Folan, suka sauka a garin Leshno. Bai sāke zama a ƙasar haihuwarsa ba har ya mutu.

Wani a wurin nan sai ya naɗe hannu, wani kuma ya cika zuciyarsa da neman ramuwa. Shi kuwa ya koma aji. Ya yi tunani, in Allah ya yarda mutanensa suka koma gida wata rana, ƙasar da yaƙi ya lalatar ba za ta tashi ba sai ta wurin yara, yaran kuwa ba za su tashi ba sai an gyara makaranta. A Leshno ya rubuta babban littafinsa na hanyar koyarwa da harshen Cek, daga baya ya juya shi da Latin da sunan Didactica Magna, wato Babbar Hanyar Koyarwa.

Hanyar da ya koyar

Tushen hanyarsa shi ne, a nuna abu kafin a faɗi sunansa. Gani ya kori ji. In za ka koya wa yaro labarin itace, kai shi gindin itacen, ya ga saiwa da reshe, ya taɓa ɓawo, ya sansana fure, in mai ciwuwa ne ya ɗanɗana 'ya'yan, sa'an nan ka ba shi kalma. In abin ba ya samuwa, a kawo siffarsa ko hotonsa. Gama a ganinsa ido da kunne da hanci da harshe da hannu su ne ƙofofin da Mahalicci ya yi wa hankali, malamin da ya bar su a rufe kuwa ya tsaya ga kunne kaɗai, yana shiga gida ta kan katanga ne.

Ya ce kuma a fara da harshen da yaro ya sha a nono. Wanda bai iya karatu da tunani da harshensa ba, in aka ɗora masa baƙon harshe an ba shi kaya biyu ne a tafiya ɗaya, abu sabo da kalma sabuwa, ba kuwa zai ɗauki ko ɗaya ba. Sai ya kafu a nasa tukuna, kāna a ƙara masa wani. Baƙon harshen ma, da amfani za a koye shi, ka'ida ta biyo baya. Da rubutu ake koyon rubutu, da magana ake koyon magana, kamar yadda maƙeri ba ya karanta wa yaronsa labarin ƙira, sai ya ba shi guduma.

Bayan wannan sai bin mataki. Daga abin da yaro ya sani a kai shi ga wanda bai sani ba, daga mai sauƙi zuwa mai wuya, abu ɗaya a lokaci ɗaya, kada a wuce sai na baya ya zauna. Ya ɗauko misalansa daga aikin Allah cikin halitta: tsuntsuwa ba ta ƙyanƙyasa da sanyi, ba ta kuma fasa ƙwai da ƙarfi domin ɗan ya fito da wuri, sai ta kwanta a kansa har kwanansa ya cika. Mai gini kuma ba ya ɗora rufi kafin harsashi. Saboda haka ya raba shekarun koyo kashi 4, kowane shekara 6. Daga haihuwa zuwa shekara 6, makarantar uwa ce a gida. Daga 6 zuwa 12, makarantar harshen gida, wadda ya so a kafa a kowane ƙauye. Daga 12 zuwa 18, makarantar Latin a kowane birni. Daga 18 zuwa 24, jami'a da tafiye-tafiye, ga waɗanda suka cancanta.

Kashi na fari ya ɗauke shi da nauyi ƙwarai, har ya rubuta wa iyaye mata littafi na musamman a kansa. Ya nuna musu cewa uwar da ta koya wa ɗanta sanin ruwa da wuta, rana da wata, ƙidaya zuwa goma, da sunan unguwarsu, da gaisuwa, da addu'a, ta riga ta dasa farkon dukan ilimin da zai samu daga baya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Bai yarda a wahalshe da yara wuni zubur ba. Ya tsara sa'a 4 kaɗai a aji kowace rana, biyu da safe domin aikin hankali da hadda, biyu da rana domin aikin hannu da murya. Ya so a karɓi sababbin yara sau ɗaya a shekara, 'yan aji ɗaya su riƙe littafi ɗaya, su tafi tare. Ya kuma lura cewa abin da mutum ya koya wa wani shi ne ya fi zama a kansa, don haka in malami ya gama bayani, sai ya tā da yaro guda ya bayyana wa sauran kamar shi ne malamin, bayansa wani, har mafi rauni a ajin ya iya.

Wa za a koya wa?

A nan ya saɓa wa yawancin mutanen zamaninsa. Ya tsaya a kan cewa kowane yaro a kai shi makaranta, ɗan sarki da ɗan talaka, na birni da na ƙauye, namiji da mace. Dalilinsa kuwa na bangaskiya ne: dukansu cikin surar Allah aka yi su, ba kuwa wanda ya san wanda Ubangiji ya zaɓa domin wane aiki. Masu cewa mace ba ta da buƙatar karatu, ya amsa musu cewa hankalinta bai gaza na namiji ba, sau da yawa ma ya fi kaifi.

Masu nauyin kai fa? Ya ce su ne suka fi buƙatar taimako, kamar yadda marar lafiya ya fi buƙatar mai magani. Ya ba da misalin rariya: in kana zuba mata ruwa ba za ta riƙe ba, amma tana ƙara tsabta. Haka yaron da ba ya riƙe karatu da yawa, zamansa a wurin koyo yana gyara halinsa.

Game da duka, ga abin da ya koyar. Bai ce a bar yaro ya yi abin da ya ga dama ba. Saɓo, da taurin kai, da mugunta ga ɗan'uwa, waɗannan ya ce a hore su, a yi kuwa ba cikin fushi ba. Amma yaron da bai gane karatu ba, kada a doke shi domin wannan, gama in karatu bai shiga ba, wurin mai koyarwa za a fara neman laifin. Makaɗi in molonsa ya saki murya ba ya buga shi da bango, sai ya zauna ya ɗaure tsirkiya sannu sannu har sautin ya daidaita. Duka ba ya sa son karatu a zuciya, ƙin karatu ya kan sa.

Littattafai biyu na yara

Bai tsaya ga ba da shawara ba, ya sa kayan aiki a hannun malamai. A 1631 ya fito da Janua Linguarum Reserata, wato Ƙofar Harsuna a Buɗe. A ciki ya shirya kalmomin Latin wajen 8,000 cikin jimloli 1,000, babi 100, kowane babi yana maganar wani sashe na duniya, kamar sama, da itatuwa, da dabbobi, da jikin mutum, da sana'o'i. Ta haka yaro yana koyon harshe yana kuma koyon duniya. Abin lura, dabarar nan ya samo farkonta ne daga wani littafi na malaman Katolika na Salamanka a ƙasar Sifen, ɓangaren da ya kore shi daga gida ke nan, bai kuwa ɓoye ba, bai ƙi abu mai kyau domin hannun da ya fito ba. Aka juya littafin da harsuna masu yawa, sunansa ya kai ko'ina a Turai.

Daga nan aka yi ta kiransa. Ya je Landan a 1641, amma yaƙin basasa ya tashi a Ingila, shirin ya watse. Daga 1642 zuwa 1648 ya zauna a garin Elbing yana rubuta wa makarantun Suwidin littattafai, yana sa zuciya Suwidin za ta tsaya wa mutanensa ran sulhu. Aka yi sulhun a 1648, ba a ko tuna da su ba. A shekarar nan matarsa ta biyu ta rasu, aka kuma ɗora masa shugabancin ikkilisiyar da take watse a ƙasashen mutane.

A 1650 aka kira shi ƙasar Hangare ya gyara makarantar garin Sharoshpatak. Ya shirya aji 7, amma 3 kaɗai suka buɗu, gama malaman sun saba da tsohuwar hanya, yaran kuma ba su da himma. Maimakon ya ɗauki bulala, sai ya mai da darussan Ƙofar Harsuna wasan kwaikwayo, yaran suka hau dandali suna yin masunta da maƙera da alƙalai da harshen Latin, waɗanda dā ake jansu zuwa aji suka riƙa zuwa da kansu. A can kuma ya shirya littafinsa da ya fi shahara, Orbis Pictus, wato Duniya Cikin Hotuna, wanda aka buga a birnin Nuremberg a 1658. Babinsa 150 ne, kowane da hoto, an sa lamba a kan kowane abu cikin hoton, lambar kuma tana gefen kalmarsa da Latin da Jamusanci. Haruffa ma da kukan dabbobi ya fara su: kukan hankaka ga A, kukan tumaki ga B, hucin maciji ga S. Yaron da ya iya kwaikwayon dabba ya riga ya iya sautin, saura ya ga baƙin. An yi fiye da shekara 100 ana karantar da yaran Turai da littafin nan.

Wuta ta biyu

Ya komo Leshno a 1654. A watan Afrilu na 1656, cikin yaƙin Folan da Suwidin, aka ƙone garin ƙurmus. Gidansa da littattafansa suka tafi, har da ƙamus na Cek da Latin wanda ya yi fiye da shekara 40 yana tarawa. Yana da shekara 64, ya sāke fita hannu wofi.

Ba za mu ɓoye rauninsa ba. Tsananin marmarin komawa gida ya sa ya gaskata waɗansu mutane masu cewa sun ga wahayi cewa za a rushe magabtansu, har ya buga maganganunsu. Abin bai cika ba, ya jawo masa zargi. Mai hikima ma ya kan ji abin da zuciyarsa take so ya ɗauka muryar Allah ce, wannan kuwa gargaɗi ne gare mu duka.

Wani attajiri ya karɓe shi a birnin Amstadam na ƙasar Holan. Bai zauna makokin abin da ya ƙone ba, a 1657 ya tattara dukan rubuce-rubucensa na koyarwa ya buga su wuri ɗaya. Ya ci gaba da aiki har ya rasu ran 15 ga Nuwamba, 1670, aka binne shi a garin Narden, baƙo a ƙasar baƙi.

Ya mutu yana ganin kamar ikkilisiyarsa ta ƙare. Amma a 1722 waɗansu 'yan gudun hijira daga Morabiya suka kafa ƙauyen Herrnhut a Jamus, ikkilisiyar ta farfaɗo, daga 1732 ta fara aika da masu bishara ƙasashe masu nisa, jikan Komeniyus ne kuwa ya naɗa mata bishop na fari a 1735. Wani babban littafinsa da ya ɓace aka same shi a garin Halle, aka buga shi a 1966. Ranar haihuwarsa ita ce ranar malamai a ƙasar Cek.

Abin da ya rage gare mu

To, ya kai malami, da ke uwa, da kai mai koya wa yara ran Lahadi, da kai mai sana'a da yaro a hannunka, ba a rubuta labarin nan domin ka yi mamakin wani Bature na dā ba. Ubangijinmu da kansa, sa'ad da ya koya wa taro, da iri da yisti da tunkiya da tarun masunta ya yi, abubuwan da suke gaban idonsu, da harshen da suke ji, ya kuma haƙura da almajirai masu jinkirin ganewa. Komeniyus sawun nan ya bi.

Gobe in ka shiga aji, ka riƙe wani abu a hannu wanda yara za su gani su taɓa. Kafin ka faɗi sabon abu, ka bincika abin da suka riga suka sani. In ka gama, ka bar ɗayansu ya bayyana da bakinsa, domin ka sani ko ganewa ya yi ko maimaitawa. Ka duba yarinyar nan ta baya wadda ba ta ɗaga hannu, da yaron da kowa ya ce daƙiƙi ne, gama su ma amana ce a wuyanka, za a kuwa tambaye ka. Ran da ranka ya ɓaci, hannunka ya nufi tsumagiya, ka dakata ka tambayi kanka ko ka nuna masa abin, ko kuwa faɗa masa kawai ka yi. Mutumin da aka ƙone masa gida sau biyu bai gaji da yaran mutane ba, kai ma kada ka gaji da naka. Allah ya ba mu haƙuri irin nasa, amin.